Ɗana, Kafin Ka Kwana a Tanti

Ɗana, in kana cikin matasan nan da sha'awar kwanan daji ta kama, masu saɓa jaka su hau duwatsun Shere na Jos ko su nufi Gashaka-Gumti, ko masu loda kaya a but ɗin mota su je su yada zango kwana biyu su dawo, to ara mini kunnenka. Ban zo in hana ka ba. Tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma wanda ya taɓa kwana a fili ya fi kowa sanin darajar rufin ɗaki. Maganar tanti nake so mu yi, domin shi ne ɗakinka a inda babu ɗaki, ga shi kuma na lura da yawanku kun fi kula da takalmi da waya a kansa.

Kowa in ya je saye, tambayarsa ɗaya ce: zai jure ruwa da iska? Tambaya ce mai kyau, sai dai ba hadari ne ya fi kashe tanti ba. Rana ce, da danshi, da yashi, da gangancin mai shi. Shi hadari yakan zo ne daga baya ya tona asirin ɓarnar da aka daɗe ana yi. Riƙe wannan, don duk abin da zan faɗa maka a kansa ya rataya.

Tun kafin ka taka kasuwa, tambayi kanka: wa zai ɗauki tantin nan, bayana ko mota? Mai tafiyar ƙasa yana jin kowane kilo a kafaɗa da gwiwa, balle in hanya ta miƙe sama. Wanda ya nufi Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, mai mita 2,419 a kan iyakar Taraba da Kamaru, kwanaki zai yi yana takawa. Tantin mutum biyu da ya dace da shi bai kamata ya wuce kilo 2 da rabi ba, akwai ma waɗanda ba su kai kilo 1 da rabi ba. Shi kuwa mai mota, wanda dakonsa bai wuce daga but zuwa gindin bishiya ba, ba ruwansa da nauyi. Nasa na iya kai kilo 10 ko 15, mai kaurin yadi, mai tsayin da zai miƙe a ciki ya sa kaya, har ya yi sallah in ruwa ya hana shi fita.

Wannan ja-in-ja tsakanin nauyi da ƙarko ba yau ta fara ba. A 1862 wani Bature ɗan Ingila mai hawan duwatsu, Edward Whymper, ya tsara tanti mai ƙwari na yadin auduga, wanda nauyinsa ya kusa kilo 10. Ya yi suna wajen jure iska, amma ɗaukarsa sai da 'yan dako. Wajen 1890 wani ɗan ƙasarsu, Albert Mummery, ya fito da nasa na siliki, bai kai kilo 2 ba, sai dai ba shi da shimfiɗar ƙasa, kuma a ciki sai dai a kwanta ko a duƙa. Yau an samu yadi iri-iri da su biyun ba su taɓa mafarkinsa ba, amma dokar tana nan: duk abin da aka rage maka a nauyi, an cire shi ne daga kauri ko faɗi, ko kuma an ɗora maka shi a kan farashi. Marar nauyi mai ƙarfi akwai shi, amma da tsada. Wanda ya haɗa rashin nauyi da araha kuwa, ka yi masa kallon tsoro. Taura biyu ba ta taunuwa. In kuɗinka na tanti ɗaya ne kuma kana son ya yi maka aikin biyu, nemi na tsaka-tsaki, wajen kilo 3, ka raba kayansa da abokin tafiya: shi ya ɗauki sanduna da turaku, kai ka ɗauki yadi.

Sai ka koyi karanta takardar da ke jikinsa, kada hoton kwali ya ruɗe ka. Za ka ga lamba da harafin D a gabanta. Wannan ma'aunin kaurin zare ne, wato nauyin zare mai tsawon mita 9,000 a giram. Tantunan goyo sukan zo da 15D ko 20D ko 30D, wani in ka ɗaga shi a rana har inuwar hannunka za ka gani ta ciki. Na mota sukan fara daga 68D zuwa 150D. Duba kuma saƙar da kyau. In ka ga an ratsa ta da zare mai kauri gida-gida, alheri ne, domin in ƙaya ta huda, yagewar takan tsaya a gidan farko.

Lamba ta biyu tana zuwa da harufan mm. Yadda ake samun ta shi ne, a ɗaure yadin a matsa masa ruwa, a yi ta ƙarawa har ya fara tsattsafowa ta ɗaya gefen. Tsayin ruwan da ya iya riƙewa, a milimita, shi ne lambar. Rufin waje mai 1,500 zuwa sama ya isa ruwan sama. Shimfiɗar ƙasa kuwa kada ta gaza 3,000, domin gwiwarka da gwiwar hannunka in suka danna ta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, matsin da suke yi ya fi na ɗigon ruwa nesa ba kusa ba. Amma kada babbar lamba ta sa ka saki jiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar tanti kuwa ita ce ɗinki. Kowace hudar allura ƙofa ce ga ruwa. Juya rufin ka ga ko an bi ɗinkin da tef an manne shi tun daga farko har ƙarshe, musamman a kusurwoyi da wuraren da aka ɗinka madaurin igiya.

Yadin kansa iri uku ne za ka fi cin karo da su. Nailan, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1935, ya fi ƙarfi in an gwada da nauyinsa, shi ya sa 'yan goyo ke son sa. Aibinsa shi ne yana shan ruwa ya saki, ka ɗaure shi tamau da magariba, tsakar dare ka tarar ya yi lakwas yana taɓa ɗakin ciki. Foliyesta ba ya saki haka, ya kuma fi nailan jure rana, wanda a ƙasa irin tamu ba ƙaramin abu ba ne. Na uku shi ne na auduga mai kauri, sarkin sanyi da ƙarko, amma sai mai mota. In sabo ne a kafa shi a jiƙa ya bushe, a maimaita, don zaren ya kumbura ya toshe hudar allura. Sannan akwai abin da ake shafa wa nailan da foliyesta don hana ruwa. Wanda ake rubutawa PU ya fi araha kuma tef na kama shi, amma zafi da danshi na ruɓar da shi a hankali. Silikon ya fi daɗewa, yana ma ƙara wa yadi ƙarfi, sai dai tef ba ya manne masa, dole a bi ɗinkin da gam ɗin silikon da hannu.

Kada ka raina sanduna. Na faiba su ne a yawancin tantuna masu araha. Suna da nauyi, in kuma suka gaji sukan tsage tsawonsu, tsartsen ya soki hannunka ya yaga yadi. Na alminiyam sun fi sauƙin ɗauka, kuma in iska ta matsa musu sukan lanƙwashe kafin su karye, lanƙwasasshiyar sanda kuwa za ta kai ka gari. In ka ga sunan DAC na Koriya ta Kudu ko Easton na Amurka a jikin sanda, ko YKK na Japan a kan zif, alama ce maƙerin bai yi rowar kayan aiki ba. Siffar tantin ma abin dubawa ce. Mai kama da ƙwarya a kife, wanda sandunansa suka gitta juna, iska na zamewa ta kansa. Dogo mai miƙaƙƙen bango, mai daɗin zama ga iyali, tare iska yake da ƙirji. Ka sani kuwa in gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin turinta ninkawa yake sau huɗu. Guji kuma tantin da rufinsa na waje ɗan ƙarami ne a tsakar ka kawai. Nemi wanda rufin ya sauko har kusa da ƙasa, da ɗan zaure a bakin ƙofa inda za ka ajiye takalmi da jaka. Batun adadin mutane, masu yin tanti kan ba kowa faɗin da bai wuce santimita 50 zuwa 60 ba, kafaɗa da kafaɗa, ba wurin kaya. In ku biyu ne kuma da mota, sayi na mutum uku ko huɗu.

Na san da yawa a gwanjo za ku saya, kuma ba abin kunya ba ne, akan dace da na kirki. Amma kada ka biya kuɗi yana cikin jaka. Sa a zazzage shi a gabanka. Fara da hanci: tsohon shafin PU in ya ruɓe yana da wani tsamin wari mai tayar da zuciya, ba ya ɓuya. Sa tafin hannu ka shafa cikin rufin da shimfiɗar. In ka ji danƙo, ko ka ga farin gari na zuba, ko yadin ya manne da juna sai da ka ɓamɓare, mayar masa da abinsa ko kyauta ya ba ka. Sa farce ka taɓa bakin tef ɗin, in ya yi rawaya yana ɗagowa, ya gama aiki. Ɗaga rufin sama ka kalli rana ta cikinsa, ƙananan huda za su nuna kansu. Kama wani gefe da ya koɗe ka ja da ɗan ƙarfi, yadin da rana ta cinye ƙara yake kamar zai tsage. Ja kowane zif sama da ƙasa ka ga ko haƙoran na buɗewa a bayansa. Haɗa sandunan duka, ka duba bakin kowace gaɓa ko ta tsage, ka ji ko robar da ke ciki tana da sauran ja. Sa'an nan ka ƙirga turaku. Mai kaya zai ce ka cika bincike. Bar shi ya faɗa, ba shi zai kwana a ciki ba.

Da ka kawo shi gida, sabo ne ko na hannu, kafa shi a tsakar gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafa, ka kwance, ka sake kafawa har hannunka ya haddace, domin wata rana a cikin duhu za ka yi, da tocila a baki da iska tana fizgar yadi. Sa ƙaninka ya shiga ciki, kai kuma ka sakar masa ruwa da tiyo ko bokiti ta kowane gefe, ya nuna maka inda ke yoyo, ka bi da gam tun kana da sarari.

A daji kuma, rabin ƙarfin tanti yana ga wurin da aka kafa shi. Ka isa masauki da sauran rana. Kada lallausan yashin busasshiyar ƙorama ya yaudare ka: ana iya yin ruwa a kan tudu mai nisa, kai ko ɗigo ba ka gani ba, sai dai ka ji ambaliya a kanka. Guji kwari, guji gindin bishiya mai busassun rassa, duba ko kana kan hanyar kwarkwasa ko kusa da suri. Share wurin tsaf, ka tsince ƙaya da tsidau da tsakuwa mai kaifi. Shimfiɗa tamfol ko leda mai kauri a ƙarƙashi, amma ka naɗe bakinta ciki kada ta leƙo waje, in ba haka ba ita za ta tara ruwan da ke zubowa daga rufi ta kai shi ƙarƙashin bayanka.

Ka san halin hadarinmu na farkon damina. Daga gabas yake tasowa, gari ya yi tsit, sai iska ta riga ruwa isowa da ƙura da tarkace, kuma wannan iskar ta farko ita ce mai kayar da tanti. Saboda haka ka juya wa gabas gefen da ya fi gajarta, ƙofa ta kalli wani wajen. Igiyoyin nan da ke lilo a jikin rufin, waɗanda yara ke bari a naɗe don ƙyuya, su ne ke ɗauke wa sanduna nauyin iska. Ɗaure su duka, ko da sama fes take. Kafa turaku har wuya, kansu ya ɗan karkata nesa da tantin. In yashi ne turke ba ya kamawa, ɗaura igiyar a tsakiyar itace ko a buhun da ka cika da yashi, ka binne a kwance ka tattake. In kan dutse ne, ɗaura a manyan duwatsu. Amma in aka fara tsawa da walƙiya, sani cewa tanti ba ya kare kowa daga aradu. In motarka na kusa shiga ciki ka rufe gilashi, in a kan tsauni kake sauko ƙasa tun da wuri.

Wata safiya za ka farka ka ga cikin rufin ya jiƙe alhali ba a yi ruwa ba, ka fara zagin wanda ya sayar maka. Ba yoyo ba ne. Numfashinka ne da gumin jikinka suka haɗu da sanyin yadi suka koma ruwa. Maganinsa iska. Bar kafofin sama a buɗe, ka ja rufin waje ya yi tauri kada ya taɓa ɗakin ciki, jiƙaƙƙun kaya kuma su kwana a zaure. Ragar sauro ce kawai za ta zauna a rufe koyaushe, don sauro da kunama ba sa jiran gayyata.

Yanzu ga wadda ba na son ka ɗauka da wasa. Wuta ba ta shiga tanti. Ba risho, ba kyandir, ba gas, ba taba. Nailan da foliyesta narkewa suke su ɗiga a fata, kuma kafin ka lalubo zif aikin gama ya gama. A ranar 15 ga Afrilu, 1997, gobara ta tashi a tantunan alhazai a Mina, iska ta hura ta, mutum sama da 340 suka rasu. Bayan nan ne hukumomin Saudiyya suka sauya tantunan da na zaren gilashi da aka shafe da Teflon, waɗanda ba sa kama wuta. Naka ba irinsu ba ne. Akwai kuma wanda ya fi harshen wuta mugunta. Sanyin Jos ko na Mambila zai raya maka ka shigo da kaskon gawayi, ko da ya fara mutuwa. Kul! Gawayi na fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai ne da kasala da barci, daga nan sai dai a wayi gari a ga mutum bai tashi ba. Sanyi a yaƙe shi da bargo da hula da safa.

To, mu koma kan masu kashe tanti a ɓoye. Ta farko rana. Yawancin tantunan nan an yi su ne da lissafin Turai da Amurka, ranarmu kuwa ta fi tasu kaifi, a kan tsauni ma abin ya fi haka. Haskenta na cin zaren a hankali har ya koɗe ya yi rauni. Kada ka bar shi a kafe mako da makonni. In za ka daɗe a wuri, nemi inuwa ko ka ɗaura masa tamfol a sama.

Na biyu danshi. Tantin da aka naɗe da lema aka jefa a but, kwana kaɗan ya isa fumfuna ta kama shi, shafin hana ruwan kuma ya fara ruɓewa. In dole ta sa ka naɗe shi a jiƙe, ranar da ka iso gida, kafin ka zauna ba da labari, shanya shi a inuwa har ɗinki da kusurwoyi su bushe ƙarau. Ajiye shi sako-sako a babban buhun yadi, wuri mai sanyi da iska, nesa da ɓera da gara. But ɗin mota da saman silin ba ma'aji ba ne. In ya yi datti, ruwa da soso mai laushi sun isa. Injin wanki da omo ɓata shi suke. Dubi Buzaye masu tantin fata, yadda matansu ke bin sa da mai da jar ƙasa suna shafawa, suna faci tun huda tana ƙarama. Da wannan hidimar yake shekara da shekaru.

Na uku yashi da ƙurar hunturu, abokan gabar zif. Su ke cinye cikin ɗan ƙarfen nan da ake ja, har ya daina haɗe haƙora. Goge zif da tsohon buroshin goge baki bayan kowace tafiya, ka riƙa jan sa da hannu biyu, in ya cije yadi ka koma baya a hankali. In ya fara buɗewa, matse ɗan ƙarfen da filaya kaɗan-kaɗan, ko ka kai wa tela ya sauya shi. Ba a yar da tanti saboda kan zif. Cire takalmi a waje, ka kakkaɓe ciki kafin naɗi. Sanduna kuma a haɗa su gaɓa-gaɓa har kowace ta zauna daram, kada a watsa su su haɗe kansu, don nan bakinsu ke tsagewa. A jakarka kada a rasa tef mai ƙarfi, allura da zare, igiya, turaku biyu na ƙari, da ɗan guntun bututun da ake zura wa karyayyar sanda.

Abu na ƙarshe, in ka yi aron tantin wani, mayar masa a bushe, a share, da turakunsa cif, in kuma ka yaga ka faɗa masa da bakinka. Wurin da ka kwana ka bar shi yadda ka same shi, ba leda ba gwangwani, wuta kuma a kashe ta da ruwa har toka ta yi sanyi. In da gari kusa, gai da mai gari ka nemi izini kafin ka kafa turke, ka kuma bincika lafiyar hanya, domin ba kowane daji ake kwana ba a wannan zamani.

Ɗana, sayi daidai ƙarfinka da daidai tafiyarka, kada ka ci bashi don tantin da aka yi wa masu hawan ƙanƙara. Tanti matsakaici a hannun mai kula zai yi shekaru yana aiki, mai tsada a hannun malalaci kuwa da wuya ya ga damina uku. Gwada shi kafin ka fita, ɗaure shi kafin iska ta taso, busar da shi kafin ka ajiye. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.